Lambun Tsakar Gida da Cimar Ƙananan Yara a Ƙasar Hausa

Lambun gida shi ne ɗan filin da iyali suke keɓewa a cikin gida ko a bayan ɗaki, su shuka ganye da kayan miya domin tukunyarsu. Ya bambanta da gona, wadda ake nomawa da damina domin hatsi, ya kuma bambanta da lambun fadama, inda ake ban ruwa da rani domin kasuwa. Girmansa sau da yawa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ko uku ba, wani lokaci ma buhuna ne da tsofaffin robobi aka jera a jikin katanga. A wasu yankunan ana kiransa garka, musamman idan an kewaye shi da darni ko ƙaya. Abin da ya ba shi muhimmanci shi ne kusancinsa da murhu: ganyen da aka tsinka da hantsi yana cikin tukunya kafin azahar, ba a aiki yaro kasuwa ba, ba a kuma jira maigida ya kawo cefane ba.

Wannan ba baƙuwar al'ada ba ce. Gidan Bahaushe na karkara ya daɗe da bishiyar zogale a kusa da wurin wanka, da kabewa mai yaɗo a kan juji, da duma a kan rufin ɗaki, da 'yan tushiyoyin kuɓewa da yakuwa a gefen danga. Wasu daga cikin waɗannan tsirrai 'yan asalin Afirka ne, kamar kuɓewa da rama. Wasu kuwa baƙi ne da suka zama 'yan gida. Tumatir da barkono da kabewa daga nahiyar Amurka suka fito. Zogale asalinsa arewacin Indiya ne, ɗaya daga cikin sunayensa ma, bagaruwar Makka, yana nuna cewa mutanen da sun san daga gabas ya zo. Sunan albasa daga Larabci yake, yayin da karas da latas da kabeji suka shigo da sunayensu na Turanci. Hukumomi ma sun sha waiwayar wannan ɗan fili duk lokacin da abinci ya yi wuya. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976 ya yi kira ga ma'aikata da makarantu da mazauna birane su noma bayan gidajensu. A Nijar kuwa, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta dage a kan noman rani, aka haƙa rijiyoyi aka buɗe lambuna a garuruwa da dama. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023 ta sake farfaɗo da zancen, har noman buhu ya zama abin da ake koyarwa a rediyo da wayoyin hannu.

Abin da tuwo ba ya bayarwa

Abincin yau da kullum a ƙasar Hausa hatsi ne: gero da dawa da masara da shinkafa, a matsayin tuwo ko kunu ko koko ko fura. Hatsi yana ba da ƙarfi, yana cika ciki, amma bai wadata da wasu sinadaran da jikin yaro yake buƙata domin girma ba, musamman bitamin A da bitamin C da sinadarin ƙarfe mai gina jini. Yaro zai iya ƙoshi kullum amma jikinsa yana cikin rashi. Ƙarancin bitamin A yana kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar jiki, ta yadda ƙyanda ko gudawa za su kayar da yaron da da ya warke. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini, da kasala, da jinkirin fahimta.

Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57. Wannan binciken ya kuma samu ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a faɗin ƙasar. Abin lura shi ne, yankin da wannan matsala ta fi tsanani shi ne yankin da yake ciyar da kasuwannin kudu da tumatir da albasa da tattasai. Motocin kayan gwari suna tashi daga Kadawa da sauran filayen da ruwan dam ɗin Tiga yake shayarwa, albasar Galmi ta jihar Tahoua tana kaiwa har Abidjan da Accra, amma yaron manomin da ya noma su kan kwana da koko tsura. Noman kasuwa da cimar gida hanyoyi biyu ne da ba lallai su haɗu ba.

Masana lafiya suna ba da muhimmanci na musamman ga kwana 1,000 na farkon rayuwa, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, domin tsumburewar da ta kama yaro a wannan lokaci da wuya ta gyaru daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara ba shi abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Tare da asusun UNICEF ta kasa abincin yaro rukuni 8: nonon uwa, hatsi da doya da dankali, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, sai sauran ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ana so yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 a kowace rana. Biyu daga cikin takwas ɗin nan lambun gida yana bayar da su kai tsaye, idan kuma an shuka wake ko gyaɗa a gefe sun zama uku. Yaron da yake shan nono kuma yana shan kunu ya riga ya samu biyu. Ke nan ɗan lambu ya isa ya kai shi ga biyar ɗin da ake nema.

Abin shukawa da lokacinsa

Ba kowane abu ne ya cancanci ɗan filin tsakar gida ba. Ma'aunin shi ne abin da yake saurin nuna, yake jure tsinka a kai a kai, kuma mutanen gidan suka saba ci. Da wannan ma'auni alayyafo ne kan gaba. Mako uku zuwa huɗu bayan shuka ana fara yankarsa, idan kuma an yanke saman an bar gindin zai sake tofo sau da dama. Rama da yakuwa da lalo suna bin bayansa, sun kuma saba da zafi da ƙasa marar ƙarfi. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, tana kuma ci gaba muddin ana tsinke su tun suna ɗanye. Kabewa tana cin fili, amma ana iya ɗora ta kan rumfa ko katanga, kuma launin cikinta alama ce ta bitamin A. Tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita, wato tana ajiyuwa watanni a ɗaki ba tare da an yi mata komai ba. Dankalin Hausa mai jan ciki, irin da cibiyoyin binciken noma suka yaɗa a shekarun baya, ya dace da yara ƙwarai saboda zaƙinsa da laushinsa, ganyensa ma ana miya da shi.

Zogale ya cancanci a tsaya a kansa. Ana shuka shi da iri ko a dasa reshe, yana girma cikin 'yan watanni, yana kuma jure fari idan ya kafu. Kuskuren da aka fi yi shi ne barinsa ya miƙe har ya fi ƙarfin hannu. Idan ana datse kansa daidai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa da yawa, ganyen ya yawaita a inda mace za ta iya tsinka ba tare da ta nemi mai hawa ba. Ganyensa yana da bitamin A da sinadarin ƙarfe da na ƙashi, yana kuma da sinadarin gina jiki fiye da yawancin ganyaye. A yankin Maraɗi ana noma shi gona guda domin kasuwa, kwaɗonsa da dambunsa kuwa abinci ne na kowa. Amma an cika zuzuta shi. Masu tallar garinsa a tasha da kasuwa suna jingina masa maganin cututtuka barkatai, har wasu iyaye su riƙe yaro marar lafiya a gida suna ɗura masa zogale. Ganye ne mai kyau a cikin abinci, kuma a nan amfaninsa ya tsaya. Saiwarsa da ɓawonsa ba abinci ba ne, ba a kuma ba mai ciki ko yaro.

Tumatir, wanda kowa yake fara sha'awar shukawa, shi ne ya fi ba da wahala. Ya fi son sanyin hunturu, yana zubar da fure idan zafin bazara ya tsananta, da damina kuma cututtuka suna kama shi. Tsutsar nan mai suna Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina a 2016 har farashi ya ninka sau da yawa, ba ta bambanta gona da lambun gida. Mai farawa gara ya soma da ganye, ya bar tumatir da karas da latas zuwa watan Oktoba ko Nuwamba.

Tsarin shekara shi ne yake nuna inda lambu ya fi amfani. Damina a yawancin ƙasar Hausa wata huɗu ce ko ƙasa da haka, daga Yuni zuwa Satumba. A tsakiyarta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba, tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke haɗuwa a kan yara. A lokacin ganye yana da yawa, har tafasa da rama suna fitowa da kansu a bakin hanya. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin da ɗanyen ganye yake ƙaranci a gida. Maganin wannan tsoho ne: shanya. Matan Hausawa sun daɗe suna busar da kuka da kuɓewa da yakuwa da kauɗar tumatir. Gyaran da ake buƙata kaɗan ne. Hasken rana kai tsaye yana lalata bitamin A, saboda haka ganyen da aka shanya a inuwa inda iska take ratsawa, ya bushe yana kore, ya fi wanda aka baza a tsakar rana har ya koɗe. A kuma ɗaga shi daga ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda da kaji.

Ƙasa, taki da ruwa

Gidajen birni na yanzu an fi malale su da siminti, mai haya kuma ba shi da ikon fasa daɓe. A nan buhu yake shigowa. Ana cika buhun hatsi da ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansa domin ruwa ya tsiyaye, a shuka a samansa, wani lokaci har a tsaga gefensa a dasa. Tsohon bokiti da baho da ya fashe duk suna yin wannan aiki. Wurin yana buƙatar rana ta aƙalla rabin yini. Idan mai haya ya tashi, ya ɗauki lambunsa ya tafi da shi.

Taki bai kamata ya ci kuɗi ba. Manoman kewayen Kano sun shafe ƙarnoni suna kwasar taki daga cikin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, kuma da wannan ne ƙasar ta jure noma shekara bayan shekara ba hutu. Gidan da yake da awaki ko kaji yana da abin da yake buƙata. Sharaɗin shi ne a bar kashin dabba ya ruɓe sosai, wata biyu zuwa uku a rami ko a tsibi, tare da ɓawon kayan miya da busasshen ganye da ɗan toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ƙasar bola ta birni kuwa ba irin jujin ƙauye na da ba ce: akwai leda da fasassun kwalabe da matattun batura a cikinta.

Zancen batura ba ƙarami ba ne, domin suna ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma hanyar da gubar ta bi ita ce ƙurar tsakar gida da yaro mai rarrafe yake kaiwa baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Duk gidan da aka taɓa sarrafa ma'adinai ko fasa batura ko zubar da baƙin mai a cikinsa, ƙasarsa ba ta shuka ba ce, sai dai a kawo wata daga waje a zuba a buhu.

Ruwa shi ne abin da ya fi kashe lambun gida. Da rani kowane murabba'in mita yana shan kimanin lita 5 zuwa 7 a rana, wato fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai cinye kusan jarka guda kullum. Ga gidan da yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa wannan kuɗi ne, kuma lissafin yana iya nuna cewa sayen alayyafo ya fi sauƙi. Abin da yake gyara lissafin shi ne ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ruwan alwala na mutum biyar sau biyar a rana ba kaɗan ba ne, haka ruwan wankin shinkafa da gero da kayan miya. Shi ya sa tsofaffi suke dasa zogale da gwanda a bakin makwarara. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana tara gishiri a ƙasa ya kashe tsiro, ruwan da aka wanke kashin yaro da shi kuwa masai ne wurinsa. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, suna rage abin da rana take ɗauka. Wani amfanin lambun gida a birni shi ne mai shi ya san ruwan da ganyensa ya sha. Lambunan da suke bakin rafin Jakara a Kano da ruwan kwatocin birni ake shayar da su, kuma mai sayen latas a kasuwa ba shi da hanyar sanin inda aka yanko shi.

Daga lambu zuwa bakin yaro

Wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne dalilin aikin gaba ɗaya. Ƙungiyar Helen Keller International ta shafe shekaru tana yaɗa lambun gida, daga Bangladash zuwa Afirka ta Yamma. A gabashin Burkina Faso, tsakanin 2010 da 2012, an gwada shirin nata ta hanyar kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba. An ga raguwar gudawa da rama da ƙarancin jini a wasu rukunan yaran, amma ba a ga canji a tsumburewa ba. Kuma shirin bai tsaya ga raba iri ba, an haɗa shi da ziyarar gida-gida ana koya wa iyaye mata yadda ake ciyar da yaro. Abin da wannan ya nuna shi ne lambu yana taimakawa, taimakon yana da iyaka, kuma ya dogara ne ga abin da ake yi a gindin murhu.

Akwai dalilai sanannu da suke hana ganye isa cikin yaro ko da yana cikin tukunya. Na farko yaji. Miyar gida ana yin ta ne da bakin manya, da attaruhu da barkono, sai a gutsura wa ɗan shekara ɗaya tuwo a ɗan shafa masa miya a gefe. Maganin wannan shi ne a ɗebi rabon yaro kafin a zuba yaji. Na biyu cin taro. Idan ɗan shekara biyu ya sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun suɗe. Kwanonsa daban, da babba zaune kusa da shi, shi ne yake nuna ko ya ci ko bai ci ba. Na uku tsinkakken koko. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai fi cin kofi guda ba a zama ɗaya, idan aka cika shi da ruwa-ruwa babu sauran wuri. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa masa garin gyaɗa ko waken suya, da cokali guda na garin busasshen zogale, ko a dama masa dafaffiyar kabewa a ciki. Ɗan wata 6 zuwa 8 ana ba shi sau 2 zuwa 3 a rana ban da nono, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Yadda ake dafawa ma yana da tasiri. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, saboda haka ɗan man gyaɗa ko manja ko ƙuli-ƙuli a cikin ganye ba ado ba ne. Ta wannan fuska kwaɗon zogale da miyar taushe, mai haɗa kabewa da alayyafo da gyaɗa, abinci ne da masanin cima ba zai samu abin gyarawa a cikinsa ba sai yajin. Doguwar tafasa da zubar da ruwan ganye suna tafiya da bitamin C, yawan kanwa ma haka. Ɗan tumatir ko lemon tsami yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da yake cikin ganye, shayi kuwa yana hana shi, don haka ba a haɗa wa yaro shayi da abinci.

Ganye ba ya maye gurbin wake da ƙwai da kifi da nono. Tsohuwar maganar nan cewa yaron da yake cin ƙwai zai yi sata ta hana yara da yawa abinci mafi sauƙin samu a gidan da ake kiwon kaji. Haka kuma lambu ba ya warkar da tamowa mai tsanani. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko aka auna damtsensa awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti yake buƙata da abincin nan na musamman mai gyaɗa da madara, wanda aka yi amfani da shi da yawa a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata shida, da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafi, duk suna nan a matsayinsu ko da gidan ya cika da zogale.

Yaro a cikin lambu

A yawancin gidaje lambun tsakar gida na uwargida ne, musamman inda mata ba sa fita gona. Wannan yana da kyau, domin mai dafawa ita ce mai shukawa, kuma rarar da aka sayar wa maƙwabta kuɗinta a hannunta yake. Amma aiki ne a kan aiki. Macen da take goyo, take daka, take wanki, idan aka ƙara mata ɗibar ruwan lambu ba mai taimako, lokacin da za ta zauna ta ciyar da yaron ne zai ragu. Haƙa da shinge da kawo taki da ruwa sun fi dacewa da maigida da samarin gida. Shinge kuwa dole ne, domin akuya ɗaya tana gamawa da aikin wata biyu kafin a idar da sallah.

Yara suna shiga aikin gwargwadon shekarunsu. Ɗan shekara uku yana iya riƙe ɗan gwangwani ya zuba ruwa, ko ya jefa ƙwayar kuɓewa a rami. Ɗan shekara biyar yana tsinkar ganye, yana korar kaji, yana bambanta alayyafo da ciyawa. Wanda aka ba buhu guda aka ce nasa ne yakan fi kowa zuwa dubawa, wani lokaci har ya tone irin ya ga ko ya tsiro, wannan kuma asara ce da ya kamata a sa a lissafi tun farko. Yaron da ya ga kabewa tun tana fure ya fi saurin yarda ya ci ta. Ga yaron birni da bai taɓa zuwa gona ba, a nan yake koyon sunayen tsirrai da kalmomin shuka da tsiro da huda da yabanya, waɗanda kakanninsa ba su taɓa zama sun koya ba. Ɗaukar jarka da doguwar tafiya neman ruwa kuwa ba aikin ƙaramin yaro ba ne, ba kuma a hana shi makaranta saboda lambu.

Haɗurran da suke tattare da lambu kaɗan ne, amma masu tsanani. Yaro mai tatata yana iya nutsewa a cikin baho ko bokiti ko duro, ba sai rijiya ba, kuma ba a jin ƙararsa. Duk mazubin ruwa a rufe shi, rijiya a yi mata murfi mai nauyi. Rufewar tana da amfani na biyu, domin sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, cikin kwana 7 zuwa 10 kuma ya tashi. Lauje da fartanya a rataye su. Akwai tsirran da suke fitowa a gefen gida waɗanda 'ya'yansu guba ne, kamar zurman da zaƙami da bini-da-zugu, ga kuma tumfafiya mai farin ruwa mai cutar da ido. Inda akwai ƙananan yara a tumɓuke su. Bayan wasa da ƙasa a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a kuma wanke duk ganyen da za a ci ɗanye da ruwa mai tsabta, saboda ƙwan tsutsar ciki a ƙasa yake zama.

Mafi haɗari duka shi ne maganin ƙwari. Fiya-fiya da danginsa, da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba takardar bayani, sukan ƙare a cikin robar lemo a ƙarƙashin gado, inda yaro mai ƙishirwa zai ɗauka. Lambun da bai wuce buhu goma ba ba ya buƙatarsu. Ana tsince tsutsa da hannu da sassafe, ana barbaɗa toka a kan ganye, ana jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya su kwana a tace a yayyafa. Idan ta kama dole a yi feshi, a bi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinki ganyen, a ajiye maganin a mazubinsa na asali a wuri mai makulli. Yaron da ya sha irin wannan magani ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi tare da kwalbar a kai asibiti mafi kusa nan take.